Mai Ashana da Mai Mabuɗi

Gidan da mutanensa suka tashi, kango ake ce da shi. In gari ne dukansa ya watse, sai a ce kufai. Kowa ya san abin da yake samun kango. Akuya ta fara shiga, yara su bi sawunta, wani ya zare azara, wani ya ciri ƙyaure, bayan damina biyu ko uku sai katanga ta kwanta. Ba safai akan kai ƙarar wani gaban alƙali a kan wannan ba, gama mutane sun ɗauka abin da aka bari ba shi da mai shi. Amma akwai wani irin kango da ya fi gidan mutum ɗaya nauyi, wato asibitin da aka rufe. A Turai da Amurka irin waɗannan gine-gine suna da yawa, a cikinsu akwai tsofaffin asibitocin masu taɓin hankali, da yawa daga cikinsu kuwa wuta ce ƙarshensu. Sa'ad da irin wannan gini ya ƙone, ba majinyaci a ciki, ba likita, ba magani, an yi wa wani laifi ne? In kuwa an yi, a wuyan wa alhakin yake?

Labarin asibiti ɗaya ya isa a auna tambayar da shi. A arewacin Wels, ɗaya daga cikin ƙasashen Birtaniya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Denbigh. Mutanen wannan yanki suna da harshensu na kansu, dabam yake ƙwarai da Ingilishi. A farkon ƙarni na 19, talakan da hankalinsa ya taɓu a can, ko dai a kulle shi a wani lungu na gida, ko a kai shi gidan matalauta, ko kuwa a aika da shi asibiti a Ingila, inda ba wanda yake jin maganarsa. Mai karatu ya tsaya ya yi tunanin wannan: mutum yana cikin ruɗewa da tsoro, yana neman ruwa ko yana kiran sunan uwarsa, masu lura da shi kuwa suna jin kamar surutun hauka ne kawai. Wannan ne ya dami waɗansu mutanen yankin har suka tashi neman taimako. Wani mai ƙasa, Joseph Ablett, ya ba da eka 20 kyauta, jama'a suka tara kuɗi, aka yi ginin da dutse, aka buɗe shi a 1848 domin majinyata kimanin 200. Nufin masu ginin shi ne mara lafiya ya sami mai jinya da zai amsa masa da harshen da ya sha a nono.

Asibitin ya yi ta girma har ya zama kamar gari, da gonarsa da ɗakin sujadarsa da wuraren sana'a. A 1956 majinyata sun kai wajen 1,500. Daga nan zamani ya juya. A 1952 likitoci a Paris suka fara amfani da wani sabon magani mai kwantar da ruɗewar hankali, ya bazu cikin ƴan shekaru, mutane da yawa da aka fid da zuciya a kansu suka iya komawa gida. A 1961 ministan lafiya na Birtaniya, Enoch Powell, ya faɗa a fili cewa kwanakin manyan asibitocin nan sun ƙare, yana so a rage gadajensu da rabi cikin shekara 15. Wanda ya ga yadda haɗin magungunan kuturta ya rage mazauna zangon kutare tun daga shekarun 1980, zai gane wannan al'amari ba tare da dogon bayani ba. Abin murna ne mutum ya warke ya tafi. Aka yi ta sallamar majinyatan Denbigh kaɗan kaɗan, a 1995 aka sa wa ƙofa kwaɗo.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da yakan biyo baya a ko'ina. Ɓarayi suka hau rufi suka ɓamɓare darmar da take hana ruwa shiga, suka zare bututun jan ƙarfe. Ruwan sama ya sami hanya, katakon rufi ya fara ruɓewa. Samari suka farfasa gilasan tagogi, suka rubuta sunayensu a bangon ɗakunan jinya. A 2003 wurin ya faɗa hannun wani kamfani da aka yi wa rajista a wani tsibiri can ƙetaren teku, da zancen za a mai da shi gidajen zama, amma aiki bai yi nisa ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2008 wani shirin talabijin na masu neman fatalwa ya yi mako guda yana watsa hotunan asibitin kai tsaye ga dukan ƙasar. Ba a cika wata ɗaya ba, ran 22 ga Nuwamba, wuta ta cinye babban zauren da majinyata da ma'aikata sukan taru domin kiɗa da bukukuwa, aka kuma yi zaton da gangan aka sa ta. A 2011 majalisar gunduma ta ga rufin babban ginin yana shirin ruftawa, ta kashe fiye da fam 900,000 na kuɗin jama'a domin ta tokare ginin da ba nata ba. An sake samun gobara a 2017, aka sake a 2018.

To, sai a fara da mai ashana, tun da shi ne kowa yake nunawa da yatsa. Hujjarsa ɗaya ce, ko ya faɗe ta da baki ko ya riƙe ta a zuci: ba na kowa ba ne, ba kuwa wanda zai ji ciwo. Rabin farko na hujjar ba shi da ƙarfi. Filin kyauta ne, duwatsun kuma da sadakar mutane aka saye su, waɗanda suka bayar kuwa ba domin kansu suka bayar ba, sun bayar ne domin marasa lafiyar da ba su taɓa gani ba. Abin da aka keɓe haka, kamar rijiyar da wani ya haƙa a bakin hanya saboda Allah, ba ya zama marar mai shi don mai haƙawa ya mutu. Na jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wanda ya ƙone shi ya ƙone rabon kowa, har da nasa.

Rabi na biyu ya fi haɗari, gama mai ashana ba ya iya sanin gini fanko ne. Kango yakan zama makwancin wanda ba shi da wurin kwana. Masu kashe gobara sun san haka, saboda haka ba su iya tsayawa a waje su zuba ido, dole su shiga su duba, a kan daɓen katako da ya riga ya ruɓe, ƙarƙashin rufin da ɓarayi suka raunana. A birnin Worcester na Amurka, ran 3 ga Disamba 1999, wuta ta kama wani tsohon gidan ajiyar kayan sanyi da aka daɗe da bari. Aka ce akwai mutum biyu marasa gida da suke kwana a ciki. Masu kashe gobara suka shiga nemansu, shida ba su fito da rai ba, mutum biyun kuwa ashe sun riga sun fita. Wannan ba asibiti ba ne, amma tsohon asibiti mai dogayen lunguna da ɗakuna ɗaruruwa ba shi da sauƙi fiye da haka. Ga kuma hayaƙi: ginin wancan zamani cike yake da asbestos, wanda ƙurarsa take lalata huhu bayan shekaru, iska kuwa ba ta tambayar gidan wa za ta kai ta.

Shari'ar Musa ta san wannan hali na wuta. A Littafin Fitowa, sura 22, an yi maganar wutar da ta kama ƙaya, ta bi ta cinye dammunan hatsi ko gonar wani, aka ɗora biyan diyya a kan wanda ya kunna ta. Abin lura shi ne, ƙaya ce wutar ta fara kamawa, abin da ba shi da daraja, wanda ba mai kuka a kansa. Shari'ar ba ta karɓi wannan uzuri ba. Wanda ya kunna wuta yana ɗauke da alhakin inda ta tsaya, ko da a kan abin banza ya fara ta. Manomin da ya taɓa ƙona sheƙa a gonarsa da rani, iska ta juya masa, ya san gaskiyar wannan a jikinsa.

Sai dai masu kunna wuta a kango ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kwana a ciki da sanyi ya dame shi ya hura ƴar wuta, ko kyandir ya faɗi, kamar yadda ya faru a Worcester. Akwai ɓarawon waya da yake ƙona robar domin ya sami jan ƙarfen. Akwai kuma yaron da ba ya neman kome sai ya ga harshen wuta ya tashi sama, ya ji kukan motocin kashe gobara, ya san shi ne ya sa garin duka ya farka. Na farkon abin tausayi ne, tambayar da take kansa kuwa ta koma kan garin da ya bar shi ba makwanci. Na ƙarshen shi ne mai ban tsoro, gama ɓarawo ko ba kome yana ganin abin yana da amfani, shi kuwa wannan daɗin ɓarnar kanta yake ji.

Amma in aka tsaya a kan mai ashana, an bar shari'a a rabi. Kafin dokar wuta, a sura 21 ta littafin nan, akwai wata doka a kan rami. Mutumin da ya buɗe rami ko ya haƙa shi bai rufe ba, sa ko jaki ya faɗa, mai ramin ne zai biya. Bai tura dabbar ba, wataƙila ma yana barci a gidansa sa'ad da abin ya faru. Laifinsa shi ne ya tafi ya bar haɗari a buɗe. A Maimaitawar Shari'a kuma an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin rawani, kada wani ya faɗo jininsa ya zama a kan gidan. Waɗannan dokoki suna koya abu guda da lamirin mutum ba ya son ji, wato mallaka ba ta ƙarewa ranar da amfani ya ƙare. Mai mabuɗi yana da hujjarsa shi ma, ita ce: ban yi kome ba. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ake tuhumarsa da shi ke nan.

Ginin dutse mai ɗakuna ɗaruruwa, cike da busasshen katako da tsofaffin katifu da takardu, a gefen gari, ba mai gadi isasshe, rami ne buɗaɗɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani masanin halin ɗan adam, Philip Zimbardo, ya gwada wannan a 1969. Ya ajiye mota ba lamba a unguwar Bronx ta birnin Niyok, murfin injinta a ɗage. Cikin minti goma aka fara kwance ta, waɗanda suka fara kuwa miji ne da mata da ɗansu, kafin kwana ɗaya ba sauran abin kirki a jikinta. Ya ajiye wata a Palo Alto, gari mai kwanciyar hankali a Kalifoniya, ta yi fiye da mako ba wanda ya taɓa ta, sai da shi kansa ya ɗauki guduma ya fara dukanta, sa'an nan masu wucewa suka sa hannu. Taga ɗaya da ta fashe aka bar ta, shela ce ga dukan mai wucewa cewa ba mai kula. Wanda ya bar ta haka shi ne ya yi shelar.

Akwai ma abin da ya fi sakaci muni, ko da yake ba a ɗora shi a kan kowa ba tare da shaida ba. Doka a Birtaniya tana kāre tsofaffin gine-gine masu tarihi, ba a rushe su sai da izini, asibitin Denbigh kuwa yana cikinsu. Gyaran irin wannan gini yana cin kuɗi mai yawa, filin da yake kai kuwa yana da tsada in babu ginin. Saboda haka mai irin wannan wuri yana iya samun kansa a matsayin da kowace damina da kowace gobara riba ce gare shi. Ba lalle ya aiki kowa ba. Ya isa ya yi jinkirin gyara shinge. Jarabar tana da laushi, gama ba ta neman mutum ya aikata mugunta da hannunsa, haƙuri kawai take nema a gare shi, har ruwa da yaran gari su gama aikin. A gaban kotu da wuya a kama irin wannan mutum. A gaban Allah mai ganin zuciya kuwa, jiran da ya yi aiki ne.

Kada a ce wannan ya wanke mai ashana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ne, amma ba a taɓa jin an sallami ɓera saboda warin daddawa ba. Dokar wuta da dokar rami suna zaune kusa da juna, ba wadda ta soke ƴar'uwarta. Abin da ya bambanta su shi ne yadda duniya take hukunci. Yaron da aka kama da ashana, sunansa yakan fito a jarida, ya tsaya gaban alƙali. Shekara 13 na ruɓewa da suka shirya masa itacen, ba wanda yakan tsaya dominsu, gama an raba su tsakanin ofisoshi da kamfanoni da tarurruka har ba a iya nuna fuska ɗaya. Mafi ƙanƙanta a cikin masu laifi shi ne mafi sauƙin kamawa.

Saura wata magana mai nauyi da ba daidai ba ne a tsallake ta. Wani zai ce, bari su ƙone mana, ai gidajen baƙin ciki ne. Yana da abin faɗa. Asibitin da aka gina domin 200 ya ɗauki 1,500, ba sai an faɗa wa mutum yadda gadaje suka matsu ba. A irin waɗannan wurare, a shekarun 1940, an yi wa mutane aikin yanka a ƙwaƙwalwa wanda ya bar waɗansu kamar inuwar kansu. An kulle mata da maza shekara 30 ko 40, waɗansu ba domin tsananin ciwo ba, sai domin danginsu ba su zo ɗaukarsu ba. Wanda ya sha wannan, in ya ce ba ya son ya ƙara ganin hasumiyar ginin daga tagarsa, ba mai ikon tsawata masa. Jama'a kuma suna da iko su zauna su shawarta su rushe gini da rana tsaka, bayan sun kwashe abin da ya kamata a adana. Ba kowane tsohon dutse ne ya wajaba a riƙe ba.

Amma ba tsofaffin majinyata ne suke zuwa da dare da kwalbar fetur ba. Masu zuwa su ne waɗanda suka ji an ce gidan mahaukata ne, akwai fatalwa, suka zo neman abin da zai sa tsikar jikinsu ta tashi. A nan ne ɓarnar asibiti ta rabu da ɓarnar tsohuwar masaƙa ko tashar jirgi. Mutanen da aka yi wa dariya suna da rai, aka ɓoye su bayan katanga don kada a gan su, su ne aka mai da su dodanni bayan sun mutu, ana sayar da tsoronsu a talabijin. Kakar wani ce ta kwana a wannan ɗaki, ƙanen wani ne ya share wannan zaure. Bisharar Markus, sura 5, ta ba da labarin mutumin da yake zaune a makabarta, wanda mutanen garinsu suka sha ɗaure shi da sarƙa. Sa'ad da Yesu ya warkar da shi, suka same shi zaune da tufafi cikin hankalinsa, tsoro ne ya kama su. Sun saba da shi a matsayin abin gudu, ganinsa mutum kamarsu ya fi ƙarfinsu. Yesu kuwa gida ya aike shi, wurin danginsa.

Wuta kuma ba ta rama wa kowa, shaida take sharewa. A shekarar da aka rufe Denbigh, 1995, aka rufe wani asibiti irinsa a Willard, cikin jihar Niyok. Ma'aikatan da suke zagayawa kafin a kulle suka buɗe wata ƙofa a ƙarƙashin rufi, suka tarar da akwatunan tafiya fiye da 400, an jera na maza a gefe guda, na mata a gefe guda. Kayan da majinyata suka zo da su ne ranar da aka kawo su, hotunan iyali, wasiƙu, takalma, kayan ɗinki, kowa ya shirya kamar mai kwana kaɗan ya koma. Aka kai su gidan adana kayan tarihi na jihar, daga cikinsu aka gano rayuwar mutanen da ba abin da ya rage nasu sai lamba a kan kabari. Da ashana ɗaya ta riga waɗannan ma'aikata hawa matakalar, da ba wanda zai san an yi su. Takardun majinyatan Denbigh ma sun tsira domin an kwashe su zuwa ma'ajiyar tarihi ta gunduma a Ruthin, inda jikoki suke zuwa neman sunan wanda iyali suka daina ambata.

Ba dole ne ginin jinya ya zama kango don cutar da aka gina shi dominta ta ja da baya ba. Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe ta a 1956 domin kutare. Da magani ya rage yawansu, sai aka buɗe ƙofa ga sauran marasa lafiya, a 2012 kuma aka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari. Wurin da ake share shi kowace safiya ba ya bukatar dogon shinge. Wannan yana nuna lokacin da ya kamata a yi tambayar abin da gini zai zama, wato tun akwai mutane a cikinsa, kafin a juya mabuɗi. Ikkilisiya ko hukuma ko ƙungiyar da take shirin rufe ɗakin magani, ta tanadi inda majinyata za su koma da inda ma'aikata za su sami aiki, amma ba ta ce kome a kan ginin ba, ta bar aikin da saura.

A Denbigh, majalisar gunduma ta bi hanyar doka ta ƙwace wurin daga hannun kamfanin, shari'ar ta ɗauki shekaru, sai a 2018 ya zama nata, shekara 23 bayan rufewa. A 2021 aka amince da shirin gyara babban ginin na 1848 da gina gidaje wajen 300 a filin. Zauren da ya ƙone a 2008 ba ya cikin abin da za a gyara, gama ba abin da ya rage nasa da za a ɗora hannu a kai.